Tattabaru Huɗu da Auren Ƙanwata

Abla Insaf, ki taimake ni don girman Allah. Ranar Juma'a mai zuwa ana jirana a gidan mijin ƙanwata in cinye tattabaru huɗu cushe da shinkafa. In ban ci ba, ƙanwata ba za ta koma ɗakinta ba. In na ci, likitana ya ce motar asibiti ce za ta fito da ni daga gidan. Na san za ki ɗauka zolaya ce, ni ma da wani ne ya ba ni labarin da na yi dariya. Ki yi haƙuri in bi miki shi daki-daki, domin ni mutum ne da ba na gane abu sai na jera shi, ko da yake a 'yan kwanakin nan ko na jera ba na ganewa.

Ni ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati a Damanhur. Shekaruna arba'in da 'yan kai, ina da mata, Tahani, da 'ya'ya uku. Tun ina yaro nake da jiki, kuma a gidanmu ba a ɗauki ƙiba aibu ba. Mahaifiyata, Hajja, da ni take alfahari. In ta yi fatir, wato gurasar nan mai man shanu, da zuma, ko ta dafa agwagwa, ni take fara zuba wa, tana cewa sauran 'ya'yanta cin kaza suke yi, ni kaɗai na san darajar wahalarta. Abokai suka sa mini suna Randa, sunan ya bi ni har ofis. Ina dariya tare da su, ban taɓa nuna yana yi mini ciwo ba, wataƙila ma a da ba ya yi.

Da na haura kilo ɗari da arba'in sai wasa ya ƙare. Ciwon suga ya zo, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyina suka daina ɗaukata. Tahani ta ce numfashina yana ɗaukewa in ina barci, har sai ta girgiza ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. Na koma yin ta a kan kujera a bayan masallaci, cikin tsofaffi sa'annin mahaifina. Wata rana kujerun suka ƙare, wani tsoho mai sanda ya tashi daga tasa ya ce, "Zauna ɗana, ka fi ni bukata." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na zauna, amma ban san me liman ya karanta ba.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba, ko ki ce, wataƙila gaskiya ce. Tun ina saurayi nake rubuta abin da ya same ni kowace rana, kuma in na duba baya abin da ya fi yawa shi ne "ranar Asabar zan fara". Na bar gurasa, na bar sukari, na sha ganyayyaki masu ɗaci, na yi tafiyar ƙafa a bakin ruwa. In na zubar da kilo goma sai goma sha biyar su dawo.

Likitan gidanmu Dakta Nashid ne. Ɗakin duba marasa lafiyarsa yana saman wani kantin magani kusa da tashar jirgi, kuma shi ya duba mahaifina har ya rasu, shi yake duba Hajja, shi ya yi wa 'ya'yana rigakafi. Ranar da na yi ƙarfin hali na tambaye shi game da tiyatar rage tumbi, na shirya shan faɗa, don na ɗauka zai ce ragwanci ne, in je in kame bakina. Sai ya cire tabarau ya ce, "Na daɗe ina jiran ka tambaya. Da ni na fara kawo maganar, da ka gudu ka daina zuwa." Bai tura ni ba, bai kuma hana ni ba. Wata da watanni muka yi muna magana. Ya zana mini tumbi a takarda, ya nuna yadda za a yanke mafi yawansa a bar shi siriri kamar ayaba. Ya faɗa mini ana iya samun matsala, ana ma iya mutuwa, sannan ya faɗa mini inda sugana da zuciyata za su kai ni in na zauna haka. Ya aika ni wajen likitan zuciya da na ƙirji. Na kawo masa sunayen likitocin da ake liƙa hotunansu a kan titi suna murmushi, ya ture su gefe ya ce, "Wanda zai buɗe maka ciki ba a allon talla za mu nemo shi ba." Shi ya zaɓo mini wani a Iskandariya, ya kira shi da kansa. Ya sa na zo da Tahani, ya zaunar da ita ya koya mata abin da za ta riƙa dafa mini. Abla, ban taɓa ganin wanda ya tsaya mini haka ba.

Abu ɗaya ne muka saɓa a kai. Ya ce in faɗa wa Hajja da 'yan uwana kafin aikin, har ya ce zai zo gidan da kansa ya yi mata bayani. Na ƙi. Shekarun baya ɗan maƙwabciyarmu, Ramzi, ya je an yi masa irin wannan aiki a wani wuri mai araha, bai yi mako ba ya rasu. Hajja ce ta zauna da uwarsa kwanakin makoki. Da ta dawo ta tara mu ta ce duk ɗanta da ya kai cikinsa a yanka kada ya tsaya a kan kabarinta, kuma ni take kallo. Ban da wannan, kin san mazan garinmu. In aka ji an yanke wa Randa ciki, ba zan ƙara zama a wurin shan shayi ba. Dakta Nashid ya ce, "Jikinka ne, sirrinka ne, ba mai ji daga bakina. Amma a ƙasar nan ba a ɓoye ciki, don kowa da cokali yake gaishe ka." Na ce zan san dabara.

Na ce wa dangi ofis ne ya tura ni kwas Iskandariya. Aka yi aikin lafiya, alhamdu lillahi, yau wata guda da 'yan kwanaki. Na fara da ruwa da romo, yanzu ina cin abu mai laushi, cokali kaɗan na ƙoshi. Dakta Nashid yana kirana ya ji yadda nake, ya rage mini magungunan suga, yana bibiyar ƙwayoyin ƙarin jini da aka rubuta mini. Wanduna suka fara zamewa. A teburin Hajja nakan ce likita ya sa mini doka, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, in tura abincin gaban yara. Na ɗauka dabarata ta ci.

Sai ɗan ƙanwata Nagat ya ci jarrabawar gama sakandare, mijinta Usta Gabir ya haɗa walima. Gabir kafinta ne, shi ya sa ake ce masa Usta, mutum mai zuciya da saurin hawa, kuma yana kiwon tattabaru a saman bene, yana son su kamar 'ya'yansa. Afandi yake kirana saboda aikin ofis, rabi wasa rabi gori. Ina shiga ya rungume ni ya ce, "Afandi, wa ya sace maka rabin jiki? Faɗa mini in kai ƙara!" Ashe tun da ya ga na rame ya yi wa Nagat alkawarin shi zai mayar mini da jikina. Ya zaɓi huɗu mafiya ƙiba a cikin 'yan shilarsa ya yanka domina ni kaɗai. Aka ajiye su a gabana, a gaban yayyensa da suka zo daga ƙauye.

Na sha romon, na ɗan taɓa ƙirjin ɗaya, na ce alhamdu lillahi na ƙoshi. Ɗakin ya fashe da dariya, wani ya ce, "Ku rubuta ranar yau, Randa ta cika!" Sai babban wan Gabir ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ku ƙyale shi, ƙila abincin masu guduma ba ya wuce maƙogwaron masu biro." Na ga fuskar Gabir ta canza. Ya ce wallahi sai na ci. Na ce wallahi ba zan iya ba. Ya buga tebur ya ce, "Nagat ta saku saki uku in ba ka cinye huɗun nan ba!"

Kin san yadda mazanmu suke da wannan rantsuwa, Abla. Gabir yakan yi ta a kan wa zai biya kuɗin mota. Baƙo ya ci, a yi dariya, a wuce. Ni ma na yi nufin in ci. Na kai cokalin shinkafa ɗaya, na kai na biyu, sai na ji kamar an cusa mini dutse a ƙahon zuci, gumi ya karyo mini. Na tashi da gudu zuwa banɗaki na amayar. Da na fito na kasa komawa in haɗa ido da su, sai na bi matakala na sauka na tafi gida ba sallama. Na sake tunanin wannan sau da yawa, na san a nan na ƙara ɓata lamarin. A wurinsu na tofar da abincin mutum na fice. Nagat tana bakin ƙofa da faranti a hannu lokacin da ya yi rantsuwar. Kafin la'asar ta ɗauki mayafinta da autarta ta koma gidan Hajja, ta ce ba za ta kwana a ɗakin da ba ta san ko halal ne ko haram ba.

Tun daga nan kowa ya zama malami. Wani shehi a unguwar su Gabir ya ce saki ya auku, wani a tamu ya ce bai auku ba. An ce wa Gabir ya je ofishin fatawa ya ƙi, wai ba zai tsaya gaban shehi ya ce surukinsa ya raina tukunyarsa ba. Shi ya nemo tasa mafitar. Ya ce bai sa wa rantsuwarsa lokaci ba, saboda haka in dawo ranar Juma'a, a gaban mutanen da suka shaida, in cinye huɗu, rantsuwa ta cika, ya zo ya ɗauki matarsa. Kowa ya ce wannan ai sauƙi ne. Nagat ta riƙe hannuna tana kuka ta ce, "Yaya, kai da ka cinye agwagwa guda kai kaɗai ranar bikina, tattabaru huɗu ne za su kashe mini aure? Me Gabir ya yi maka?" Ban ba ta amsa ba. Hajja kuwa ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Takan kama tsintsiyar hannuna ta auna da yatsunta, ta juya kai tana share ido. Daga baya na ji ta je wajen Dakta Nashid ita kaɗai ta tambaye shi ko mugun ciwon nan da ba a kiran sunansa ne ya kama ni. Ya ce mata, "Ɗanki ba shi da abin da kike tsoro, Hajja. Sauran ki tambaye shi." Ba ta yarda ba, tana ganin lallashinta yake yi.

Shekaranjiya na je wurin Dakta Nashid da buƙata biyu. Ta farko, ko akwai maganin da zai ba ni in iya ci sau ɗaya tak. Ya ce babu, ɗinkin bai gama kamawa ba, kuma ko bayan shekara tumbin nan ba zai ɗauki tattabara huɗu ba. Na tambaye shi batun rantsuwar, ya yi dariya ya ce, "Ni Kirista ne, ɗana, a wurinmu ko da gatari ba a raba aure. Wannan ka kai wa shehunanku. Tumbin ne nawa, kuma na ce a'a." Sai na kawo ta biyu. Na roƙe shi ya faɗa wa Hajja da Gabir cewa gyambon ciki ne da ni mai tsanani. Maganarsa ba a musa ta a gidanmu, da kowa ya huta. Ya daina dariya. Ya ce, "Sirrinka ba zan faɗa ba, cuta kuma ba zan ƙirƙira maka ba. Shekara talatin uwarka tana shan abin da na rubuta mata don ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ran da ta gano, ko maganin hawan jininta ba za ta ƙara sha ba. Ka sa rana, in rufe nan in bi ka gidan, in zauna kusa da kai ka faɗa da bakinka."

Abla, raina ya ɓaci, na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce ai shi ya sa ni a wannan hanya, yanzu da ruwa ya kai mini wuya ya sake ni. Ya ce kawai, "Ka sha ruwa kuwa yau? Leɓenka a bushe yake." Na fita na bar shi.

Tahani ta ce ita ta gaji da ƙarya, ko gaisawa da Nagat ta kasa yi. Ni kuma kaina ya kulle. Wani lokaci in ga likitan ya yi gaskiya, wani lokaci in ce wane irin goyon baya ne wannan da zai raka ka har bakin kogi ya ƙi ba ka kwalekwale? Ƙarya ɗaya ƙarama da za ta gyara aure, laifi ce? Ko ni ne tun farko na yi son kai, na zaɓi wuƙa saboda na kasa riƙe bakina kamar sauran maza? Har na fara tunanin in je ranar Juma'ar in ci a hankali, in ya so abin da Allah ya rubuta ya faru. In na faɗi gaskiya kuma, ina tsoron kalmar da Hajja ta yi a kan kabarinta. Ki faɗa mini abin da zan yi, lokaci ya ƙure.

Mai Jiran Juma'a, Damanhur


Ɗan'uwana Mai Jiran Juma'a,

Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi a wajen gatarin Dakta Nashid, amma daga nan na daina.

Mu fara da abin da ba ya jiran shawara. Ba za ka ci tattabarun nan ba, ko da sauri ko a hankali. Likitan da ya san cikinka ya ce a'a, magana ta ƙare. In ka faɗi a gidan Gabir, Nagat za ta rayu tana ganin aurenta ne ya kashe yayanta, shi kuma Gabir hannunsa ne. Wannan ba gyara ba ne.

Batun rantsuwa, ni ba mai ba da fatawa ba ce. Abin da na sani, wanda ba ɓoyayye ba ne, shi ne malaman fatawa da kotunan ƙasar nan sun daɗe a kan cewa wanda ya rantse da saki don ya matsa wa wani ya yi abu, ba don yana nufin rabuwa da matarsa ba, ba a ƙirga masa saki, kaffarar rantsuwa ce a kansa. Amma ba ni zan yanke ba, ba shehin unguwarku ba, ba na unguwarsu ba, waɗanda duk labari aka kai musu. Gabir ne zai je ofishin fatawa da ƙafarsa a tambaye shi niyyarsa. Ka ga ke nan ba tattabaru ne suka tsare Nagat a gidan Hajja ba. Ƙin zuwan Gabir ne, shi kuma abin da ya hana shi zuwa shi ne ya yi imani ka wulaƙanta shi.

Laifinsa babba ne, ba zan rage masa ba. Mutumin da zai ɗora auren shekara ashirin a kan faranti yana bukatar wanda zai ja masa kunne, da shi da duk mazan da ke karanta wannan fili suna irin wannan rantsuwa a kan kofin shayi. Matanku ba kayan wasa ba ne. Amma ka tsaya a inda yake tsaye. Ya ga ka rame, ya damu, ya yanka abin da ya fi so domin ka, wansa ya soka masa magana a inda ya fi masa ciwo, sannan ya ga bayanka a matakala. Da abin da ya sani, me kake so ya fahimta? Kai kaɗai ke riƙe da abin da zai sauko da shi.

Yanzu likitanka. Na fahimci zafin da ka ji. Wanda aka yi wa babban aiki, yana rayuwa a kan cokali kaɗan, jikinsa na sauyawa kullum, zuciyarsa takan yi rauni, ƙaramin a'a sai ya zame masa kamar an juya masa baya. Zan ma iya cewa da ya ƙara matsa maka tun farko a kan faɗa wa Hajja, da wataƙila ba a zo nan ba, ko da yake ina zargin da ya matsa da ka fasa aikin gaba ɗaya, kuma ya san haka. Sai dai ka sake karanta wasiƙarka. Mutumin nan ya jira ka har ka shirya, ya faɗa maka haɗarin ba tare da ya yi masa ado ba, ya kare ka daga inda Ramzi ya faɗa, ya riƙe sirrinka a gaban tsohuwar da ke kuka a ɗakinsa, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne. Abu ɗaya ya hana ka, ƙarya. Ka yi tunanin inda za ta kai ka. Gyambon ciki ana warkewa, bayan wata biyu Hajja za ta dawo da agwagwarta, Gabir da tattabarunsa, kai kuma tumbinka ba zai dawo ba har abada. Sai ka koma ka roƙi wata cutar? Kuma in ya iya yi wa Hajja ƙarya dominka, ta yaya za ka yarda da shi ran da zai ce maka gwajinka ya yi kyau? Bai sake ka ba. Ya ce zai rufe wurin aikinsa ya bi ka. Ka koma ka ba shi haƙuri a kan "kai ka sa ni", domin ba shi ya sa ka ba. Kai ka zaɓa, da hankalinka, bayan dogon nazari, kuma ka yi daidai.

Ina so ka ji wannan da kyau, tunda na ga kana yawan tuhumar kanka. Neman magani ba ragwanci ba ne. Mai 'ya'ya uku da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci bai yi son kai ba don ya nemi ya daɗe tare da su. Ɓoyewar ma haƙƙinka ce a lokacin da kai kaɗai take shafa. Yanzu ta daina zama taka. Nagat ce ke biya da ɗakinta, Tahani da kunyarta, Hajja kuma tana makokin ciwon da ba ka da shi.

Kalmar da Hajja ta yi a kan kabarinta tsoro ne ya sa ta faɗe ta, tsoron kada ta binne ka. Abin da take gudu ya riga ya wuce, ga ka a raye, suganka na sauka. Za ta yi faɗa, ƙila ta jefe ka da takalmi, ƙila ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarka. Ka jure, ka ci gaba da zuwa. Uwar da ke auna hannun ɗanta da yatsu tana share ido, in aka ce mata ba mutuwa zai yi ba, fushinta ba ya nisa. Ka roƙi Tahani da likitan su nuna mata abin da za ka iya ci, domin matar da ta saba nuna ƙauna da tukunya ba a ce mata ta sauke, sai dai a canza mata abin da za ta ɗora.

Ka je da Dakta Nashid, ya fara auna jininta, sannan ka yi magana da bakinka. Washegari ka sami Gabir shi kaɗai, a shagonsa ko a saman benensa, ba a gaban yayyensa ba. Ka ba shi haƙurin fitar da ka yi ba sallama, ka ɗaga riga ka nuna masa tabon in ta kama, ka ce ka zo ka raka shi ofishin fatawa. Mutum mai saurin hawa yakan yi saurin sauka in aka ba shi matakalar da ba kunya a cikinta. Masu shan shayi kuwa za su yi ta kwana biyu su gaji, kuma kada ka yi mamaki in wasu daga cikinsu suka ja ka gefe suna tambayar sunan likitanka.

Amma kafin Hajja, kafin Gabir, akwai wadda ta tambaye ka me mijinta ya yi maka ba ka amsa ba. Ita ce ba ta yi rantsuwa ba, ba ta ɓoye komai ba, kuma ita ce ke kwana a ɗakin da ba nata ba. Kada ka jira Juma'a. Ka ajiye jaridar nan ka je ka faɗa wa Nagat yau.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sanyaya zuciyar Hajja, ya mayar da ƙanwarka ɗakinta cikin mutunci.

Abla Insaf